Kugin Vulcan da yaran da suka bi sawunsa

Kafin na ce komai, ku saurari wannan ƙarar.

Ba kukan dabba ba ne, ko da yake wanda bai sani ba zai rantse wani abu ne ake yankawa. Kugin Vulcan ne, wani ƙaton jirgin yaƙin Birtaniya, lokacin da matuƙi ya buɗe masa wuta zai tashi. Iska ce ke kutsawa da ƙarfi ta manyan kafofin da ke gindin fukafukansa tana neman injina huɗu, sai ta fitar da wannan sauti. A Birtaniya akwai dattawa masu furfura da jikoki, waɗanda da zarar sun ji shi sai idonsu ya ciko. Yau za mu ga dalili.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar sojin saman Birtaniya ta ɗauki wata al'ada. Duk watan Satumba sai a buɗe ƙofofin sansanoni da dama, kowa ya shiga ya ga jirage, don tunawa da gumurzun sama da suka yi da Jamus a 1940. Uba ya saɓa ɗansa a wuya, uwa ta ƙullo abinci, a shimfiɗa bargo a kan ciyawa. Ku ɗauke shi kamar hawan sallah, sai dai dawakan na ƙarfe ne. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ya ga mahaya sun sako a guje za su yi jahi, ƙasa na girgiza, ya san abin da yaro ke ji idan jirgin yaƙi ya wuce ƙasa-ƙasa a gabansa. Da fari ba ka jin komai, sai ya gifta tukuna ƙarar ta doke ka a ƙirji. Ga warin mai kuma, wanda ɗan'uwan kananzir ne, shi ya sa tsofaffin 'yan kallo ke cewa ko risho aka kunna sai su tuna.

Babbar kasuwar kuwa ita ce Farnborough, inda aka fara baje kolin jirage a 1948. A can kamfanoni ke nuna sabbin ƙirarsu, matuƙan gwaji kuma su ne taurari, yara na haddace sunayensu kamar na 'yan ƙwallo. A 1955 Roly Falk ya ɗauki Vulcan, ƙaton jirgin da aka ƙera don ɗaukar bam na nukiliya, ya mirgina shi a sama kamar ƙaramin jirgin wasa. Mutumin nan da kwat da laktaye yake tuƙi. A 1958 tawagar Black Arrows ta jera jiragen Hunter 22, suka yi alkafura tare a sahu ɗaya, kuma har yau ba a samu wanda ya karya wannan tarihi ba. Ga kuma Lightning, mai inji biyu ɗaya bisa ɗaya, wanda ke ninka gudun sauti sau biyu. Shi salonsa guda ne: ya bar ƙasa, ya miƙe tsaye cak kamar kibiya, ya ɓace cikin gajimare kafin ka rufe baki. Mai ne ba ya daɗe masa, don haka bai cika jan wasa ba.

To amma gwamnati ba ta ƙona mai don a sha kallo kawai. Zamanin yaƙin cacar baka ne, ana son Tarayyar Sobiyet ta gani, ana son mai biyan haraji ya ga inda kuɗinsa ya shiga. Sama da duka, ana farautar yara. A gefen filin akwai wasu samari cikin kaki shuɗi-shuɗi suna sayar da takardar shirin wasa, suna nuna wa motoci wurin tsayawa. 'Yan kadet ke nan. Yaro ya gan su, ya ga sa'anninsa ne amma sun fi shi kusa da jirgi, shi ke nan ya kamu.

An kafa ƙungiyar kadet ta sojin sama a ranar 5 ga Fabrairun 1941, ana tsakiyar yaƙi, don a riƙa samun matasan da suka san kan jirgi kafin su kai shekarun shiga soja. Yaƙi ya ƙare, ƙungiya ta ci gaba. A da yaro kan shiga yana ɗan shekara 13. 'Yan mata sai a farkon shekarun 1980 aka buɗe musu ƙofa. Sau biyu a mako, da yamma, ana haɗuwa a wani ɗan zaure a yi fareti, a koyi karanta taswira, a koyi gane jirgi daga inuwarsa kawai. Kakin na wancan lokaci ulu ne mai kaushi, yana ƙaiƙayi kamar buhun gero. Takalmi kuwa sai an goge shi har ka ga fuskarka. Gaskiya mafi yawan lokacin kadet a ƙasa yake ƙarewa, cikin sanyi da jira.

Amma akwai ranar da ake jira ɗin, kuma a kanta zan ɗan daɗe.

Jirgin sunansa Chipmunk, ƙirar Kanada, mai farfela ɗaya da kujeru biyu, ɗaya a bayan ɗaya. Daga ƙarshen shekarun 1950 har zuwa 1996 shi ne ke ɗaga 'yan kadet sama. Kafin ka shiga sai an ɗaura maka laimar sauka, irin wadda ake zama a kanta, a tamke madaurin tsam tsakanin cinyoyi. Ba ka iya miƙewa, sai dai ka tafi a duƙe kamar agwagwa, abokanka na ta dariya, alhali su ma layinsu na zuwa. A cusa ka a kujerar baya, a miƙo maka 'yar jakar takarda ko da ciki zai juya. Wanda ke gaba sau da yawa tsohon matuƙin soja ne da ya ga jiya ya ga yau, ba ka ganin komai nasa sai ƙeya. Ana kaiwa sama sai ka ji muryarsa a kunne yana cewa tuƙi ya dawo hannunka, kai kuma dole ka amsa cewa ka karɓa. Yaron da ko keken kirki bai mallaka ba, ga shi riƙe da sandar jirgi, gonaki da gidaje sun koma kamar zanen tabarma a ƙarƙashinsa. Idan matuƙin ya ga kana da zuciya, sai ya tambaya ko kana son alkafura. Kowa cewa yake yana so. Ba kowa ke sauka da jakarsa babu komai ba. Duka tafiyar ba ta fi minti 20 zuwa 30 ba, amma mutum zai kai shekara 70 yana ba da labarinta.

Akwai kuma jirgi marar inji, wanda ake fizga sama da doguwar waya sannan a sake shi ya yi ta shawagi kamar shirwa. Ɗan shekara 16 na iya tashi da shi shi kaɗai, shekara guda kafin doka ta ba shi izinin tuƙa mota. Af, jirgin Bulldog da ya gaji Chipmunk a wannan aiki, irinsa ne sojin saman Nijeriya suka daɗe suna koyar da matuƙa da shi a Kaduna.

Yanzu, masu kewar wancan zamani kan ce an lalata wasan, an nisanta jirage da mutane, an cika dokoki. Ina jin zafinsu, amma ba na bin su duka. Kusancin nan da jini aka saye shi. Ranar 6 ga Satumban 1952, a Farnborough, jirgin DH.110 da John Derry ke tuƙawa ya tarwatse a sama, injinsa ya faɗa cikin taron da ke kan tudu. 'Yan kallo 29 suka mutu, da Derry da abokin aikinsa. Abin da zai ba ku mamaki, ba a tashi taron ba. Jim kaɗan Neville Duke ya hau Hunter ya ci gaba da wasa. Daga nan aka sa dokar tazara tsakanin jirgi da jama'a. A 1988, a Ramstein ta Jamus, jiragen tawagar Italiya suka yi karo, mutum 70 suka hallaka. A watan Agustan 2015 wani tsohon Hunter ya faɗo kan babbar hanya a Shoreham ta Ingila ya kashe mutum 11, waɗanda wasunsu wucewa kawai suke yi, ba kallo suka zo ba. Bayan wannan aka ƙara ƙuntata wa tsofaffin jiragen yaƙi.

Sauran kuma kuɗi ne. Rundunar ta ragu, an rufe sansanoni, nau'o'in jirage sun koma 'yan ƙalilan. An ajiye Lightning a 1988, Harrier mai tsayawa cak a iska ya rusuna wa 'yan kallo ya tafi a 2010. Bikin jirage na sansanin Leuchars ya tsaya a 2013, na Waddington a 2014. Red Arrows, tawagar wasan jirage ta rundunar, da suka fara wasa a 1965, suna nan da hayaƙinsu ja da fari da shuɗi, ana kuma cika a bikin jirage na Fairford duk watan Yuli, 'yan kadet ma suna nan suna tashi a jirgin Grob Tutor.

Vulcan fa? Soja sun sallame shi a 1984, shekara biyu bayan ya yi doguwar tafiyar kai hari tsibiran Falkland. Guda ɗaya, mai lamba XH558, jama'a ne suka yi karo-karo na miliyoyin fam aka gyara shi, ya sake tashi a watan Oktoban 2007. Shekara takwas ya yi yana zagaya bukukuwa, har kamfanonin da ke tsaya masa kan aikin injiniya suka janye. Ranar 28 ga Oktoban 2015 ya yi tashinsa na ƙarshe a Doncaster, ba tare da an yi shela ba, don gudun kada cunkoso ya toshe filin jirgin.

'Yan kallon da kuke gani yanzu a Southend suke, inda masu sa-kai ke kula da wani Vulcan ɗin. Sun sayi tikiti, sun toshe kunnuwa, wasu riƙe da hannun jikoki. Za a kunna injinan huɗu, jirgin ya sheƙa a kan titi, ya yi kugin nan, sannan ya taka burki ya juyo. Ga shi nan ya fara.