Kariyar dajinmu na tarar a kanti a Holand, yuro 25

Assalamu alaikum 'yan uwana na Maradi, da na Tibiri da Jiratawa, da duk mai kallona daga gida. Yanzun nan na shigo daga waje, ko rigar sanyi ban cire ba, don raina bai kwanta ba sai na nuna muku abin nan. Bari in juya kamara. Kun gane ta? Kariya ce. Wallahi kariya ce, wannan dai da ke fitowa a dajinmu ba wanda ya taɓa yi mata ban ruwa. Na je wani babban kantin shuke-shuke nan kusa da Leiden don in sayi ƙasar tukunya, sai na tarar an jera su a tebur, an kunna musu fitila daga sama, kowace an maƙala mata 'yar takarda da sunan Adenium. Yuro 25. Yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, kun ga ta haura jikka 16 ke nan, ga shi tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba.

Na daɗe a tsaye ina kallonta, daga baya na ɗauka na biya, don ban iya tafiya in bar ta ba. Ku dubi gindinta yadda ya kumbura kamar ƙaramin tulu. A nan take ajiye ruwanta, shi ya sa take fure a tsakiyar rani, lokacin da ko ganye babu a jikinta, duk daji ya bushe ƙayau, ita kuma ta fito da jan furenta mai haske a tsakiya. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, masu rainon shuke-shuke na ƙasar Tailan ne suka yi suna da ita a duniya. Sun yi ta haɗa iri da iri har sun fitar da fara fat, da ja wur, da mai fure ninki-ninki, suna aikawa ko'ina. Mu da Allah ya ba mu ita a bayan gari, wucewa muke yi.

To, wannan ya kawo ni kan saƙonninku. Tun da na sa bidiyon furen tulif na lambun Keukenhof wayata ba ta huta ba. Anti ki aiko mana da irin tulif, Hajiya ki taho mana da albasarsa in za ki zo. Har ƙanwata ta gyara wuri a tsakar gida a Ali Ɗan Sofo tana jira. Na san abin da kuka gani ya burge ku, ni ma ya burge ni. Lambu ne mai eka ta faransa 32 a garin Lisse, kowace shekara ana binne albasar fure wajen miliyan 7 da hannu, a buɗe shi mako takwas kacal, daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu, a rufe sai baɗi. Kuɗin shiga wajen yuro 20, ban da mota. Amma ba zan aiko muku ba, kuma duk wanda ya ce zai sayar muku a kasuwa ku riƙe kuɗinku.

Tulif sanyi yake ci. Sai albasarsa ta kwana a cikin ƙasa mai sanyin da bai kai digiri 9 ba, mako 12 zuwa 16 a jere, sannan furen da ke ɓoye a cikinta ya yarda ya fito. Hunturunmu fa? Da asuba a Janairu mu lulluɓa da bargo mu ce sanyi zai kashe mu, da hantsi rana ta take. In kun binne ta, ko dai ta fid da ganye biyu ta tsaya, ko ta ruɓe. Wani zai ce a sa a firigo. Wata uku cur, da yadda wutarmu take zuwa tana tafiya? Kuma ko an samu wutar, in akwai tuffa ko ayaba a ciki, iskar da suke fitarwa in suna nuna tana kashe furen tun yana cikin albasa. Sannan in ya fito a zafin Maris, kwana kaɗan ya ƙone.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyata, ta haura saba'in. A watan Nuwamba, ana yayyafi, iska na yanka kunne, za ku gan ta durƙushe a kan wata tsohuwar tabarmar roba a ƙofar gidanta. Ta haƙa rami zurfinsa ninki uku na tsayin albasar, ta zaunar da ita tsinin na kallon sama, ta mayar da ƙasa, ta danna da tafin hannu, ta matsa gaba kaɗan ta sake. In ta gama sai ta shimfiɗa ragar waya a kai saboda ɓeraye. Daga nan ba ta ƙara waiwayar wurin sai bazararsu. In furen ya zube kuma ba ta yarda a taɓa ganyen, ko ya yi muni, sai ya yi rawaya ya kwanta da kansa, wajen mako shida, don da shi albasar ke tara abincin baɗi. Wannan haƙurin nata nake so mu ɗauka, ba tulif ɗin ba.

Kuma ku sani, mutanen Holand ma tulif ba nasu ba ne. Asalinsa duwatsun tsakiyar Asiya ne, Turkawa suka raine shi a lambunan sarakunansu, daga can ya shigo Turai. Wani masani, Carolus Clusius, shi ya shuka shi a lambun jami'ar Leiden a 1593, nan kusa da inda nake zaune, lambun yana nan har yau. Bayan shekara arba'in mutane suka haukace a kansa, albasa ɗaya ta kai kuɗin gida, kasuwar ta rushe a Fabrairun 1637. Amma abin da ya fi taɓa ni, a hunturun 1944 zuwa 1945, ƙarshen yaƙin duniya na biyu, yunwa ta sa mutanen nan suka riƙa dafa albasar tulif suna ci. Mu da iyayenmu suka ba mu labarin yunwar 1984, mun san wannan ba abin dariya ba ne. Sun ɗauki abin baƙo sun riƙe shi da kyau har ya zama arzikinsu. Ai mu ma mun iya. Albasar Galmi har Abijan da Akara ake nemanta, zogalen Jiratawa kuwa ba sai na faɗa muku ba. Hannun da ya iya waɗannan, fure ba zai gagare shi ba.

Na san abin da Inna za ta ce in ta ga bidiyon nan: abin da ba a sa wa a miya, ina amfaninsa, ga ruwa da tsada. Inna, ki gafarce ni, amma lallen da ke bayan ɗakinki fa? In ya yi fure bayan magariba ƙamshinsa har zaure. Duk turarukan da na shaƙa a ƙasar nan babu wanda ya kama ƙafarsa, kuma in na tuna sai hawaye su zo mini.

Idan albasar fure kuke so, muna da tamu. Albasar kwaɗi, wadda ke fitowa a fadama da ruwan farko, fari da jan layi a tsakiyar kowane kunne. Ba ta son firigo, ba ta son komai, ta yi barcinta duk rani a ƙarƙashin ƙasa, damina na sauka ta farka. Ku ɗauki 'ya'yan da ke gefen uwar, kada ku tumɓuke duka. Akwai kuma amarilis da ake sayarwa a nan lokacin Kirsimeti, asalinta Kudancin Amurka ce, ba ta bukatar hunturu. A tukunya ake sa ta, a bar kashi ɗaya cikin uku na albasar a waje, a ajiye a inuwar dogon yaro. Amma ina roƙonku don Allah, duk waɗannan guba ne. Kada a ajiye su kusa da madafa, kada yarinya ta ɗauka ta yanka a miya. Kariya ma haka, ruwan jikinta har dafin kibiya ake yi da shi, in kun yanke reshe ku wanke hannu, kada ya shiga ido. Reshen ku bar shi a inuwa kwana biyu uku bakin ya bushe, sannan ku kafa a rairayi da ɗan takin da ya ruɓe sosai. Ruwa kaɗan. Yawan ruwa shi ke kashe ta. In kuna son mai babban gindi, daga ƙwaya ake shukawa.

Kuma kada wanda ya cusa mini reshe ko albasa a jakar wani matafiyi. Tun Disambar 2019 ba a shigo da shuka Tarayyar Turai sai da takardar shaidar lafiyarta, 'yan duwan za su ƙwace, su kuma wahalar da bawan Allah a banza.

Ke kuma ƙanwata, wurin da kika gyara kada ki bar shi haka. Ki kafa furen bugambiliya a jikin katanga, tana son rana, in ta kama ba ta damu da ƙishi ba. Tukwanen da suka tsage kada a zubar, tsagin nan shi ke fid da ruwa. Ki jera su inda ake alwala, ruwan da ke zuba ya ishe su, amma ban da ruwan wanki mai Omo. Ki kewaye da ƙaya tun kafin ki shuka, don awakin gidanmu na san su, kuma ki riƙa duba gindi saboda gara.

A ƙarshen Afrilu in Allah ya kai mu zan kai ku gonakin tulif na gaske, ba lambun 'yan yawon buɗe ido ba. A can, ranar da gona ta fi kyau, manomi zai shigo da inji ya bi layi-layi yana sare kawunan furen suna zuba a kwari, don ƙarfin ya koma cikin albasar, ita ce abin sayarwarsa. Ku tura mini hotunan tsakar gidajenku kafin nan, ina so in ga wa ya fara. Ku gaishe mini da mutanen gida.