Amsoshin Tambayoyinku: Naman Alade da Kofin Shayi a Bakin Turawa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa.

Wasiƙar farko daga wani ɗan'uwa ce, mutumin Funtuwa da ke aiki a Landan. Ya ce ranar da aka tura shi neman kwangila, maigidansa Bature ya dafa kafaɗarsa ya ce, "bring home the bacon." Da ya duba ƙamus ya ga kalmar ƙarshe naman alade take nufi, sai ransa ya ɓaci. Yana tambaya ko cin fuska ne.

Malam, kwantar da hankalinka, fatan alheri ya yi maka. Nufinsa ka je ka dawo da nasara. Haka kuma suke cewa ga magidancin da ke nemo wa iyali abin sawa a bakin salati. Maganar ta bazu a jaridun Amurka a 1906, lokacin da ɗan damben nan baƙar fata, Joe Gans, zai kara da Battling Nelson a garin Goldfield na jihar Nevada. Mahaifiyarsa ta aika masa saƙon tangarahu da waɗannan kalmomi. Sai da aka kai turmi na 42, Gans ya yi nasara.

Na fahimci ɓacin ranka ƙwarai, domin kunnen Musulmi ba ya jin daɗin ambaton wannan nama. Amma shi maigidan naka abin karin kumallonsu ne ya faɗo masa a baki. Kai ma da za ka ce masa auren wane "tuwona maina" ne, tunaninsa zai tafi ga tukunya, ba zai gane auren zumunci kake nufi ba.

Sai wata malama daga Maraɗi, tana son ma'anar "not my cup of tea." Malama, idan Bature ya faɗi haka, wato "ba kofin shayina ba ne," abin bai kwanta masa a rai ba ne. Shayi ya samu gindin zama a fadar Ingila tun da Sarki Charles na Biyu ya auri Catherine 'yar sarkin Fotugal a 1662, har ya zama ma'aunin abin so a wurinsu.

Ɗalibinmu na Zariya mai tambayar "a piece of cake": abu ne mai sauƙi, kamar shan ruwa. Allah Ya sa jarrabawarka ta zo maka haka.

Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.