Saidalani: Yadda mai itacen sandal ya zama mai magani

Jama'a, duk wanda ya je aikin Hajji a cikinku ya ga shagunan nan masu koren haske a Makka, an rubuta "Saidaliyya" a ƙofarsu. Kemis ke nan. Mai shagon kuwa, a tsohon Larabci, saidalani ake ce masa, wasu su ce saidanani. To, kalmar ba 'yar gida ba ce, baƙuwa ce.

Wanda ya bi mana sawunta shi ne Abu Raihan al-Biruni, haifaffen Khuwarizm, wani yanki a Asiya ta Tsakiya, a shekarar 973, malamin da ya shiga Indiya ya koyi harshen Sanskirit. A ƙarshen rayuwarsa ya rubuta Kitabus Saidana, a ciki ya ce tushen kalmar shi ne "candan", sunan da Indiyawa suke kiran itacen sandal. Sandal ɗin nan dai da iyayenmu mata suke haɗa turaren wuta da shi.

Ku lura da abu ɗaya. Balarabe ba shi da harafin "ca" a bakinsa, sai ya mayar da shi "sa". Haka ya yi wa ƙasar Cin, ya ce Sin, mu ma muka ara muke cewa ƙasar Sin. Candan ya koma sandal, mai sayar da shi ya zama saidanani. Da yake a rumfa ɗaya ake jera sandal da saiwoyi da ƙaro da sassaƙe, sunan ya bi sana'ar baki ɗaya.

(Wani daga baya ya tambaya ko lokacin akwai 'yan jabu.)

Malam, ai kamar ka sani! An ruwaito cewa a zamanin Halifa Mu'utasim, kwamandansa Afshin ya so ya gwada masu maganin sansaninsa. Sai aka rubuta wasu sunaye da ba na kowane magani ba, aka aika a sayo. Wasu suka ce ba su taɓa jin sunan ba. Wasu kuwa suka karɓi kuɗi, suka laluba bayan kanta, suka ƙulla wani gari suka miƙa. Waɗannan aka kora, aka bar masu cewa babu.

Ni dabarar nan tana burge ni, don ba yawan sani aka auna ba, an auna wanda zai iya barin ciniki ya wuce shi.