Lacca: Abin da ke Cikin Lamba 2,147,483,647

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, ku rubuta wannan lamba a takardunku: 2,147,483,647. Biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da 'yan kai. Ku jera 2 guda 31, ku ninka su da juna, ku cire 1, ita za ku samu.

Abin da ya ɗaukaka ta shi ne babu lambar da ke raba ta daidai ba saura, sai 1 da ita kanta. Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan Suwizalan, ya tabbatar da haka a 1772, da takarda da alƙalami.

Wani zai ce ai tunda 31 ba ta rabuwa, dole wannan ma ta gaji uwarta. A nan ɗalibai ke zamewa. Gwada da 11, wadda ita ma ba ta rabuwa: 2 guda 11 a cire 1 ya ba da 2,047, kuma 2,047 ita ce 23 sau 89. Don haka sai an bincika.

To, ta yaya aka bincika? Ba sai an gwada lambobi biliyan biyu ba. Idan lambobi biyu suka haifi lambarmu, dole ɗayarsu ba ta wuce 46,340 ba, domin 46,341 sau 46,341 ya riga ya zarce ta. Kun ga aikin ya ragu ƙwarai. Sannan akwai ƙa'ida: duk lamba marar rabuwa da za ta raba irin wannan lamba, in ka cire mata 1 sai ta rabu da ninkin 31, wato 62. Ku duba misalinmu na baya: 23 cire 1 ya zama 22, 89 cire 1 ya zama 88, dukansu suna rabuwa da 22, wato ninkin 11. Ƙa'ida ta biyu kuma, in an raba wannan mai rabawar da 8 saurarta 1 ne ko 7. Haɗa su biyun, sai ya rage a gwada waɗanda in an raba su da 248 saurarsu 1 ne ko 63 kawai. Ba su kai 400 ba. Babu ko ɗaya da ta raba ta. Ni a ganina wannan tankaɗe shi ne darasin da ya fi lambar kanta daraja.

Yanzu ga inda ta shafe ku. Kwamfutar da ke ajiye lamba a gurbi 32 (kowane gurbi 0 ko 1 yake ɗauka), ɗaya na nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa, 31 suka rage, don haka lambarmu ita ce iyakar ƙirgarta. Tsofaffin manhajoji da yawa suna ƙirga daƙiƙa daga 1 ga Janairu 1970. Ranar 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 4:14:07 na asuba agogon Najeriya da Nijar, ƙirgar za ta cika. Daƙiƙa ɗaya ta ƙaru, lambar ta juye ƙasa da sifili, na'urar ta ɗauka ana Disamba 1901. Maganin shi ne a mayar da ma'ajiyar lokaci gurbi 64, kuma masu kula da tsofaffin na'urori su fara dubawa tun yanzu.