Ina kuɗinka suka shiga? Laccar makon ɗalibai

Wannan na kwafo ne daga rikodin ɗin da na ɗauka a waya ranar da ƙungiyar ɗaliban sashenmu ta gayyato wani malami ya yi mana magana kan tattalin kuɗi, farkon bai fita sosai ba saboda ƙarar janareta.

...to ƴaƴana, kowa ya ciro wayarsa ya duba alat ɗin sati biyun nan da suka wuce. Kar ka leƙa ta maƙwabcinka, ba tonon asiri muka zo ba (dariya). Ga ɗari biyar ta data, ga wata dubu ɗaya ita ma data, ga cajin mai POS duk sanda ka ciri kuɗi, ga indomi da ƙwai wajen mai shayi, haɗa su gaba ɗaya ka gani, wallahi wani sai ya rantse an yi masa sata alhali shi ne ɓarawon.

Masu karɓar NELFUND, wato lamunin karatu na gwamnatin tarayya, dubu 20 ake ba ku a wata ko? Raba ta gida 30, kusan naira 666 ke nan a rana, abinci da mota da fotokwafin handawut duk a ciki. Kuma bashi ne fa ba kyauta ba, babu ruwa a kai gaskiya ne, amma shekara biyu bayan ka gama bautar ƙasa za a fara cirar kashi 10 cikin 100 na albashinka. Shi ya sa nake cewa ranar da kuɗi suka shigo ranar za ka raba su, na abinci daban na mota daban, ka ware ko dubu ɗaya ce ka manta da ita, in ka bari sai ƙarshen wata za ka ajiye abin da ya rage babu abin da zai rage.

Ajiyar ma a ina? Adashi yana da kyau in kun san juna, iyayenmu mata da shi suka aurar da yayyenku, matsalarsa ɗaya ce, wanda ya yi kwasar farko ya daina ɗaga waya. Asusu kuma tsadar kaya ke cinye shi a ɓoye, a Disambar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34, wato kuɗin na nan yadda ka zuba su amma mudun da za su saya ya ragu. Mai gudun kuɗin ruwa akwai bankuna irin su Jaiz da TAJ, akwai kuma sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, na gwamnatin tarayya tun 2017, da dubu 10 ana shiga, hanyoyi ake ginawa da kuɗin a riƙa biyanka haya.

Sai masu zuwa muku da zancen sa dubu 50 ka kwashi dubu 100 a wata ɗaya. Irinsu ce MMM, ta rufe a Disambar 2016 mutane suka yi ta kuka, a Afrilun 2025 CBEX ta maimaita, har da masu digiri a ciki. Kuɗin sabon shiga ake ɗauka a biya tsoho, ranar da sababbi suka ƙare shi ke nan. Banza ba ta kai zomo kasuwa, ka tambaye su me suke sayarwa, ka duba ko hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ta yi musu rajista, in suka fara kame-kame ɗauki takalminka.

Lokacin la'asar ya matso, tambaya biyu kawai zan ɗauka. Ke mai shuɗin hijabi a baya can, a miƙa mata makirfon.