Yadda allon kurkuku ke komawa wasan labari

(An kwafo wannan daga muryar laccar da aka yi wa samarin Hausawa a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa, a Jidda.)

Assalamu alaikum. Iyayenmu da ke zaune can baya, a yi mana afuwa, yau zancen wasa ne ya tara mu.

Allon nan da ke gabana sunansa Dungeon!, wato kurkukun ƙarƙashin ƙasa. David Megarry ne ya ƙago shi, kamfanin TSR na Amurka ya fitar da shi a 1975, shekara guda bayan fitowar Dungeons & Dragons na Gary Gygax da Dave Arneson, wanda wasan labari ne, wato kowa na zama wani mutum a cikin labarin. Shi Megarry a teburin Arneson ya saba buga wasan labari, sai ya tace shi ya mai da shi allo. Mu kuma so muke mu mai da shi gidansu, ya koma wasan labari.

Kurkukun hawa shida ne. Kana nutsawa dodanni na ƙara ƙarfi, dukiya na ƙara yawa. Ka shiga ɗaki, a buɗe kati, ka jefa ƙwaya biyu irin ta ludo, in lambar ta kai ka kashe dodo ka kwashi abin da yake gadi. Iyakarta ke nan: tafiya, duka, kwasa. Kwana uku ya ishe ka, ka koma wa wasan katin balot da allon keram.

To abu ɗaya za a ƙara, mutum ne. Ɗaya daga cikinku ya ajiye ɗan wasansa, wato ɗan mutumin da yake turawa a allo, ya zama mai labari. In an buɗe kati, kada ya ce "jefa". Ya ce, "Ga dodo kwance a kan akwati yana minshari, ƙafarsa ɗaure da sarƙa. Me za ka yi?" Wannan tambayar ce wasan gaba ɗaya. Wanda kakarsa ta taɓa ce masa "ga ta nan, ga ta nanku" ya san aikin, sai dai a nan masu sauraro su ne Gizo, su ke ƙulla dabara. Ranar nan wani ƙanena, maimakon ya zare takobi, cewa ya yi zai kwance wa dodon sarƙa su raba akwatin biyu. Allo ba shi da amsar wannan. Mai labari yana da ita.

Ta yaya zai yanke hukunci? Da ƙwayoyin nan biyu. Hanyoyin faɗuwarsu 36 ne. Bakwai zuwa sama na fitowa a 21 daga ciki, goma zuwa sama a 6 kacal. Saboda haka abu mai sauƙi a nemi bakwai, mai wuya a nemi goma. In an faɗi, kada a ce "ba ka iya ba" a yi shiru. A ce sarƙar ta yi ƙara, dodo ya buɗe ido. Na san akwai gidajen da ba a yarda da ƙwaya ba saboda maganar malamai a kan nardu, tsohon wasan ƙwaya. Ku girmama wannan. Ku rubuta lambobi a 'yan takardu ku zuba a hula, in dai mai gidan ya aminta.

Takardar ɗan wasa kada ta wuce layi uku: sunansa, abu guda da ya gwanance a kai, da abin da ya kawo shi kurkuku. Gwanintar na ƙara masa ɗaya a jifa. Masu littafin dokokin wasa mai shafi ɗari uku su sha zamansu, ni ban ga wanda zai taso daga aiki ƙarfe tara ya zauna karatu ba.

Kun dai san zamanmu. Wannan yana kanti, wancan direba ne, waya ɗaya ta tashe shi. Don haka kowane zama ya ƙare a darensa, ɗaki biyar ko shida tsakanin isha da sha biyu. Wanda ya zo a makare, a ce fursuna ne aka tarar a ɗaki na gaba, a miƙa masa takarda. Wanda aka kira, ɗan wasansa ya koma bakin ƙofa gadin kaya, kasonsa na nan.

Yanzu mutum huɗu su matso. Kai mai jar shimaga a ka, kai ne ka fara leƙa ɗakin farko, kuma fitilarka ta kusa mutuwa.