Sharhi: Dokar Hukunta Masu Ɗauke da HIV da Matsayin Magani

Assalamu alaikum masu sauraro. A shekarar 2009 wata kotu a jihar Ayowa ta Amurka ta yanke wa wani mutum ɗaurin shekara 25 saboda bai gaya wa abokin kwanciyarsa cewa yana ɗauke da ƙwayar HIV ba, alhali yana shan magani, ya yi amfani da kwaroron roba, kuma ba wanda ya kamu. Sai a 2014 kotun ƙolin jihar ta soke hukuncin.

Da yawa daga cikin irin waɗannan dokoki an kafa su ne lokacin da ake ɗaukar cutar tamkar ajali, kafin bayyanar ingantattun magunguna a 1996. Yanzu mutumin da ke haɗiyar maganinsa kullum ba fashi, cikin kimanin wata shida ƙwayar cutar kan ragu a jininsa har gwaji ya kasa gano ta. Binciken PARTNER da aka yi a Turai, wanda sakamakon zagayensa na biyu ya fito a 2019, ya ƙidaya saduwa sama da 76,000 ba tare da kwaroron roba ba tsakanin abokan zaman da ɗayansu ke ɗauke da ƙwayar, kuma ba a sami ko mutum guda da ya kamu daga abokin zamansa mai shan magani wanda ƙwayar ta ragu sosai a jininsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta jaddada hakan a 2023.

Abin da ya fi damuna shi ne doka tana damƙe wanda ya san matsayinsa, ta ƙyale wanda bai taɓa zuwa gwaji ba. Ku duba matar da ta je awon ciki, aka ɗebi jininta, ta riga mijinta jin sakamako. Idan ta faɗa tana tsoron duka ko saki, idan ta yi shiru tana iya tsintar kanta gaban alƙali. Wa zai yi marmarin gwaji a irin wannan hali?

Wanda ya yaɗa cutar da gangan ya cancanci hukunci, babu tantama. Amma ya kamata doka ta nemi hujjar mugun nufi da haɗari na gaske, kamar yadda jihar Kalifoniya ta yi a 2017 da ta sassauta tata dokar. Ko a nan ma da sauran rina a kaba, domin idan sakamakon gwajin jini ya zama garkuwa a kotu, talakan da magani ya yanke masa, ko asibiti ya yi masa nisa, shi ne zai tsaya gaban shari'a ba takardar da zai nuna.